Wa Zai Riƙe Jaka, Wa Zai Yi Magana?

Da zarar an yi kaka a ƙasar Gwarzo, dawa da masara sun shiga rumbu, an sayar da gyaɗa da waken suya, sai goron gayyata ya fara yawo gida-gida. Wannan zai aurar da 'yarsa a Getso, wancan ɗansa zai angwance a Garo ta ƙasar Kabo, ga kuma 'yar ƙanwa da za a kai ɗakinta can birni, Ɗorayi ko Rijiyar Zaki. Haka abin ke sake tasowa a watan Sha'aban, lokacin da kowa ke son a ɗaura kafin azumi. Mutumin Unguwar Tudu, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Gwarzo, ba sai an tuna masa cewa zumunta a ƙafa take ba. Abin da ya canja shi ne ƙafar ta yi tsada.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da dama. Tsakanin Gwarzo da Kano kimanin kilomita 70 ne, hanyar da ta ratsa ta Rimin Gado da Janguza ta faɗa Kabuga. Nisan bai ƙaru da taku ɗaya ba, amma magidancin da a da yake kwasar mata biyu da yara bakwai ya kai su biki ba tare da ya taɓa rumbu ba, yau sai ya zauna ya yi lissafi, wani lokacin ma ya auna buhu.

Kowace tafiyar dangi tana da nauyi biyu. Akwai na aljihu, wanda kowa ya sani yake kuma kuka da shi. Akwai kuma na baki, wanda ba a cika tunawa da shi ba sai an isa, an shimfiɗa tabarmi, an yi shiru, ido ya dawo kan baƙi ana jiran wanda zai faɗi abin da ke tafe da su. A nan ne za ka ga manyan mutane suna zungurar juna da gwiwar hannu: "Yaya, kai ne babba." "A'a, Malam, kai ka saba." Dangin da suka kashe kuɗin buhu biyu don su iso sai su zubar da girmansu cikin minti uku na inda-inda. Duka asarar biyu daga wuri ɗaya suke fitowa: an tashi ba a zauna ba.

Addini ya riga ya yi wa matafiya tsari. A hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, an umarci mutum uku da suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Gidajen da suka iya tafiya suna faɗaɗa wannan: kwana uku ko huɗu kafin ranar, a zauna a zaure, a fitar da jagora, a fitar da mai riƙe jaka, a fitar da mai magana da yawun gida, maza nasu, mata nasu. Ba lallai ne mutum ɗaya ya haɗa duka ba. Sau da yawa ma gara a raba, domin dattijon da ya iya jera gaisuwa a gaban hakimi ba shi ne zai tsaya yana ja-in-ja da ɗan kamasho a kan naira 300 ba.

A wannan zama ne ake yin jawabin da ya fi kowanne wuya, tun ba a bar gida ba: gaya wa dangi cewa ba kowa ne zai je ba. Ragin kuɗi mafi girma a tafiyar iyali ba a tasha ake samunsa ba, a yawan kawuna ne. Amma wa zai kalli Gwaggo ya ce mata ta zauna? Masu dabara ba sa fara magana da sunan wanda zai haƙura. Suna fara ta da adadi: ga abin da ke hannu, ga abin da mota za ta ci, ga gudummawar da ya kamata a miƙa wa masu biki. Sai mai magana ya tambaya, ba ya yanke ba: "Gwaggo, ke kika san mutanen nan fiye da mu. In mutum takwas ne za su wakilce mu, wa da wa kike ganin in ba a gan su ba za a ji ba daɗi?" Tsohuwar da aka ba wuƙa da nama, ita da kanta za ta zare sunaye, har da na jikokin da take ji da su. Da an aika mata da hukunci daga zaure, da shekara ta zagayo ana bikon ta.

Daga nan sai batun mota, inda mutane da yawa ke ruɗar kansu da kuɗin kujera. A ɗauka, don misali kawai, kujera ɗaya daga Gwarzo zuwa Kano naira 2,000 ce. Mutum 14, zuwa da dawowa, naira 56,000 ke nan. Mai jaka ya ji direban bas ya ce shata 70,000, sai ya yi tsaki ya ce a tafi tasha. Ya manta cewa daga ƙauye zuwa bakin titi acaɓa za a hau: in 500 ce kowane kai, zuwa da dawowa an ƙara 14,000. Ya manta kuma cewa mota a tasha za ta sauke su, ba a ƙofar gidan biki ba, kuma tun watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni, don haka Adaidaita Sahu za a nema. Guda huɗu a 1,500 kowanne, sau biyu, 12,000. Jimla ta kai 82,000, ban da kuɗin kaya, ban da wahalar tsallaka titi da yara da akwatuna. Shatar da ta yi kama da tsada ta fi araha da 12,000. In kuwa mutum biyar ne, lissafin ya juye, shata ta zama almubazzaranci. Farashi yana sauyawa kusan kowane wata, amma hanyar lissafin ɗaya ce: a ƙirga daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida, ba daga tasha zuwa tasha ba.

Cinikin shata kansa fage ne na iya magana. Direban garinku, wanda kuke haɗuwa a masallaci, ya fi baƙo sauƙi, ya kuma fi jin kunyar ya yi muku ba daidai ba. A same shi da wuri, musamman da yake yawancin ɗaurin aure Juma'a da Asabar da Lahadi ake yi, motoci na yin wuya. A fayyace komai a gaban shaida: mai a wuyan wa yake, zai jira har ƙarfe nawa, in an wuce lokacin nawa za a ƙara, wa zai biya kuɗin tasha. A ba shi rabi ya sha mai, rabi sai an dawo. Rigimar da ake yi da direbobi a bakin gidan biki da magariba, kusan duka daga "ai na ɗauka" take tasowa. Wanda ba shi da gaggawa kuma yana iya cin ribar motar da za ta koma ba fasinja, kamar waɗanda suka kawo 'yan kasuwa da safe, domin direban da zai koma wayam ya fi son rabin kuɗi da babu.

Jajibirin Sallah kuwa kowa ya san halinsa: fasinja sun fi motoci yawa, kuɗi ya hau. Iyalin da ke son yin Sallah a birni ko su dawo gida daga can, in suka gabatar da tafiyar da kwana biyu ko uku, sun tsira daga ƙarin da turereniyar.

Sauran kuɗin a ƙananan ramuka yake zurarewa. Yaro bai san an cire tallafi ba. Duk inda mota ta tsaya, mai rake da mai ƙwai da mai ruwan leda sun kewaye taga, shi kuwa hannu zai miƙa. Uwar da ta taso da kwanon dambu ko kwaɗon zogale, da ƙuli-ƙuli, da jarkar ruwa daga randar gida, ta toshe wannan rami tun daga tsakar gida. Tsaraba ma haka. Mutumin ƙauye kan ji kunyar abin da yake da shi, ya tsaya a hanya ya sayi burodi da lemon kwalba ya kai wa mutanen birnin da suka gaji da su, alhali abin da matar birni ke marmari shi ne daddawa mai kyau, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da man shanu, da ƙwan zabi. Waɗannan a gida suke, kuma a Kano kuɗi ne mai yawa. A riƙe canji tun daga gida, kada a dogara da mai POS na tasha da cajinsa. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da ake sayen kuɗi da kuɗi, ba ya bukatar dogon bayani. Anko kuwa, a gaskiya, shi ne ke cin gida fiye da mota. Atamfa ɗaya ga kowace mace, ga ɗinki, don wuni guda. Gidan da ya yanke cewa wakilai uku su yi anko saura su sa abin da suke da shi, ba a taɓa korarsu daga gidan biki ba.

Matan da ke zubin adashi sun daɗe da gano maganin da ya fi duka: a daidaita kwasa da watan biki. Wasu gidajen kuma suna ware tiya kaza daga kowane magidanci tun a masussuka, a ajiye da sunan zumunci, don kada gayyata ta zo a sayar da hatsi a lokacin da ya fi araha.

Akwai ragin da ba a yi. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Ɓagwai, nan yammacin Kano, ɗauke da mutanen ƙauyen Badau, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, hukumomi kuma suka ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima. A kan titi ma labarin ɗaya ne duk lokacin da aka cusa 'yan kai amarya a bayan a-kori-kura, ko aka danna mutum tara a Golf saboda "ai yara ne, a cinya za su zauna". Ɗan shekara goma a cinya, a kan titin da tirela ke bi, ganganci ne. Haka tafiyar dare, musamman ga masu bin hanyar Dayi zuwa Malumfashi da sauran yankunan da ke iyaka da Katsina, inda matsalar tsaro ta sa masu hankali ke son rana ta faɗi suna gida. In kuɗi bai isa mota biyu ba, a rage mutane.

To, an isa lafiya. Saura baki.

Wanda gabansa ke faɗuwa in an ce ya tashi ya yi magana, ya kwantar da hankalinsa, yana da abokan tarayya manya. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Musa, da aka aike shi wurin Fir'auna, ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin harshensa, ya kuma nemi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna saboda ya fi shi fasahar magana. Darasi biyu ke ciki ga mai zuwa neman aure ko gaisuwar surukai: fargaba ba aibi ba ce, kuma ba laifi ka tafi da wanda zai tallafa maka in ka sarƙe.

Mutane na cewa iya magana baiwa ce. Akwai baiwa, amma a duba tarihin waɗanda ake misali da su. Abubakar Tafawa Ɓalewa, da aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya, malamin makaranta ne a Bauci kafin siyasa. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauci da Maru. Ɗanmasanin Kano, Yusuf Maitama Sule, wanda ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1979 har ya shugabanci kwamitinta na yaƙi da wariyar launin fata, shi ma da alli ya fara. Mutane ne da suka shafe shekaru suna tsayawa gaban yara kullum safiya, suna maimaita abu har sai na bayan aji ya gane. Ƙasar Gwarzo ma tana da nata: Sarkin Dawaki Mai Tuta Bello Dandago, wanda ya wakilci Gwarzo ta Gabas a majalisar wakilai ta Legas a jamhuriya ta farko, tun lokacin yaƙin duniya na biyu yake karanta labarai da Hausa a gidan rediyon Ankara ta ƙasar Gana, tare da Isa Kaita. Harshensu sabo ne ya goge shi. Manomin Unguwar Tudu ba shi da aji ko gidan rediyo, amma yana da waya a aljihu: ya ɗauki muryarsa yana faɗin abin da zai faɗa, ya saurara. Karon farko zai ji kunyar yawan "wato" da "ka gane" da ke bakinsa. Karo na uku sun ragu.

Jawabin dangi ba irin na dandalin siyasa ba ne, ko da yake ƙasar Gwarzo, da ta ba Kano mataimakan gwamna biyu, Abdullahi Tijjani Gwarzo a 2007 da Aminu Abdussalam Gwarzo a 2023, ta saba da jin masu zuba a kan mumbari. A zauren surukai ba tafi ake nema ba. Sallama, sai gaisuwa bisa tsari: in akwai hakimi ko dagaci, da shi za a fara, "ranka ya daɗe", sai liman da malamai, "Allah gafarta Malam", sai iyayen gida, sai sauran jama'a a dunƙule. Wanda ya ce sai ya ambaci kowa da sunansa, lalle zai tsallake wani, kuma wanda aka tsallake shi kaɗai zai riƙe jawabin a ransa. Bayan gaisuwa, a faɗi su wa ne, daga ina, wa ya aiko su. Sai abin da ya kawo su, a jimla ɗaya ko biyu. Sai godiya da addu'a. Mutum ya san jimlarsa ta farko da ta ƙarshe kamar yadda ya san sunansa. In tsakiya ta ɗan karkace, ba wanda zai lura.

Wurin da ba ya karɓar kuskure shi ne sigar ɗaurin aure. Wakilin ango zai nema wa wane auren wance, waliyyi ya bayar, a ambaci sadaki, a faɗi ko lakadan ne ko ajalan, shaidu su ji, sanƙira ya ɗaga murya ya isar wa na waje. Kalmomin kaɗan ne, amma a nan ake ganin dattijo ya kira sunan yayar amarya maimakon amarya, a gidan da ke da Fatima biyu, ko ya faɗi sadakin da ba shi aka yi magana ba. Maganin mai sauƙi ne: a rubuta cikakken sunan ango, na amarya da na mahaifinta, da adadin sadaki, a bayan katin gayyata, da boko ko da ajami, a riƙe a tafin hannu. Duba takarda ba ya rage wa kowa girma. Liman ma da takardarsa yake hawa mumbari.

A cikin gida, mata na da nasu fagen, kuma a ganin mai wannan rubutu sun fi maza iya shi, wataƙila don sun fi su yawan yi. Gwaggon da ta kai amarya ba ta doguwar waƙa. Za ta kama hannun yarinya ta danƙa wa uwar miji: "Hajiya, ga amana mun kawo. Yarinya ce, in ta yi ba daidai ba a tsawata mata, a kuma yi haƙuri da ita." A amsa mata da cewa ai ɗa na kowa ne. Magana ta ƙare, kowa ya san matsayinsa. Inda ake samun matsala shi ne in aka bar mai habaici ta zama bakin dangi, ta soma zancen kayan ɗaki da abin da aka kawo a lefe da wanda ba a kawo ba. Magana zarar bunu ce. Habaicin minti ɗaya a ranar kai amarya, amaryar ce za ta zauna da shi shekaru bayan motar dangi ta juya. Saboda haka zaɓen mai magana a ɓangaren mata ya fi na maza bukatar natsuwa.

Gaisuwar mutuwa ta fi kowanne gajarta: ya haƙuri, addu'a ga mamaci, a ɗan zauna, a tashi. Ba wurin tambayar yadda ciwon ya fara ba ne, ba kuma wurin ba da labarin rasuwar wani ba.

In taron na lasifika ne, kamar walimar saukar Alƙur'ani ko taron ƙungiyar gari, kada a hura makirfo, kada a manna shi a leɓe, kada kuma a yi ihu a cikinsa, aikin ɗaga murya nasa ne. A tsaya da ƙafa biyu, a ja numfashi kafin sallama, a zaɓi fuska biyu ko uku a sassan taron a riƙa kallonsu bi da bi. Mai fargaba sauri yake yi don ya tsere, saurin kuma shi ke sa harshe ya harɗe. Anas ya ruwaito, a Buhari, cewa Manzon Allah (SAW) kan maimaita magana sau uku don a fahimce ta. Muslim kuma ya kawo hadisin Ammar ɗan Yasir da ke nuna cewa gajarta huɗuba alama ce ta fahimtar mai yin ta. A hankali, a taƙaice: wanda ya riƙe waɗannan biyu ya fi rabin masu hawa mumbari.

Gajartawar ma tana da ranarta a aljihu. Duk mintin da Baffa ya ƙara yana jero tarihin zumuncin kakanni, direba na waje yana duba agogo. Taron da ya kamata a tashi da la'asar in ya kai magariba, ko a biya kuɗin jira, ko a yi tafiyar daren da aka ce ba za a yi ba, ko a kwana a ɗora wa masu gida nauyin mutum 14 da ba su shirya musu ba. Jagora nagari yakan gaya wa masu masauki tun da aka sauka cewa ƙarfe kaza za su juya, don in lokacin ya yi neman sallama kada ya zama kamar gudu.

Jawabi na ƙarshe a gida ake yin sa, washegari, a zauren da aka fara. Mai magana ya isar da gaisuwar mutanen can da abin da aka yanke. Mai jaka ya fito da takardarsa: an tara kaza, mota ta ci kaza, gudummawa kaza, ga abin da ya rage. Da yawa suna tsallake wannan don ganin kamar rashin yarda ne a tsakanin 'yan'uwa, alhali rashin yin sa ne ke sa a tafiya ta gaba kowa ya ce ba shi da kuɗi. Ragowar, ko naira 1,500 ce, a sa ta a asusun dangi a rubuta. A rubuta kuma sunayen waɗanda suka haƙura suka zauna a wannan karon, domin da su za a fara cika mota a tafiya ta gaba.